Kofin ƙwallon hannu na Afirka: mai jari ke ɗauka

 Yau za mu ɗan jingine maganar farashin hatsi da ta patanti, mu taɓo wasa. Kada Hajiya ta naɗe jarida ta ce wannan shafin na yara ne. Ki yi haƙuri ki bi mu har ƙasa, domin zancen wasa ne a sama, amma cikinsa zancen jari ne da adashi, kuma a wannan fanni ku ne malamai.

A watan Oktoba na 2024 aka yi gasar zakarun kulob-kulob na ƙwallon hannu na Afirka karo na 45, a birnin Layun na yankin Sahara ta Yamma wanda Maroko ke iko da shi. A ɓangaren maza, Al Ahly ta Alƙahira ce ta ɗauki kofi. Wannan bai ba kowa mamaki ba, tunda ko a 2023 a Barazabil ita ce ta ɗauka, bayan ta doke JSK ta Kinshasa a wasan ƙarshe. Abin da ya sa muka ɗaga kai shi ne wadda ta tsaya gabanta a wasan ƙarshe na Layun: kulob ɗin Flowers ta ƙasar Benin. Benin ɗin nan dai da kuka sani, wadda shekara da shekaru kayan ƴan kasuwarmu ta tashar ruwan Kotonu suke bi kafin rikicin iyaka na 2023. Maƙwabtanmu na kusa sun kai matsayi na biyu a duk faɗin Afirka, mu kuwa tun da aka fara wannan gasa a 1979 babu kulob ɗin Nijar da ya taɓa ɗaga kofin.

Ga wanda bai san wasan ba, handbal ke nan da ɗiyanmu ke bugawa a CEG da lise. Mutum bakwai-bakwai ne a fili, shida da mai tsaron gida. Filin mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, ana minti 30 a huta a sake minti 30. Ba a yin taku fiye da uku da ƙwallo a hannu, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, kuma akwai da'irar mita 6 gaban raga wadda ban da mai tsaron gida ba mai taka ta. Wanda ya yi keta alƙali ya fitar da shi na minti biyu. Shi ke nan. Wasa ne na gudu da ƙarfin ƙirji da saurin ido, har akan jefa ƙwallo 50 ko 60 a raga cikin wasa guda, don haka ɗan kallo ba ya gyangyaɗi.

Hukumar ƙwallon hannu ta Afirka, wato CAHB, wadda aka kafa a 1973 kuma cibiyarta ke Abijan, ita ke shirya gasar. To amma kada ku ɗauka irin ta ƙwallon ƙafa ce da ake wata da watanni ana zuwa gida da waje. Wannan kamar kasuwar baje-koli take: a zaɓi gari guda, kowa ya kwaso kayansa ya zo, a yi kwana goma ana gwabzawa kusan kullum, a tashi. Wanda ya ci ya je ya kara da mai kofin kofuna a babban kofi, daga nan ake samun hanyar zuwa gasar kulob-kulob ta duniya. Tsarin nan yana da sauƙi ga masu shiryawa, amma yana tankaɗe talaka tun kafin a busa usur. Ƴan wasa 16 ake rubutawa a takarda, ga mai horo da mataimakinsa, ga mai duba lafiya, ga shugaban tawaga, a ce mutum ashirin. Kuɗin jirginsu zuwa da dawowa, masauki da abinci na kusan mako biyu, kuɗin shiga gasa. Alhazanmu masu zuwa sarin kaya Dubai da Kazabalanka sun fi mu sanin abin da biyen jirgi na mutum ɗaya ke ci, sai su ninka sau ashirin. Zakaran wata ƙasa yakan ci kofin gida da guminsa, lokacin tafiya ya zo a ce babu kuɗi, ya zauna. Ashe tun a ofishin sayar da biye ake buga zagayen farko.

Yanzu mu duba littafin waɗanda suka ci, kamar yadda mai kanti ke duba littafin bashi. Zamalek ta Masar ce ta buɗe a 1979, ta kuma tara kofi 12, uku daga ciki a jere, 2017, 2018 da 2019. Mouloudia ta Alje, wadda daga baya aka sake wa suna GS Pétroliers, tana da 11, kuma goma daga cikinsu tsakanin 1997 da 2009 ta kwashe su. Ƴan Tunisiya sun sa hannu: Étoile du Sahel a 2010, Espérance a 2013 da 2022, Club Africain a 2014. Al Ahly ta ɗauka a 2012 da 2016 kafin na Barazabil da Layun. Rabon da kofin maza ya kwana kudu da Sahara tun 2007, lokacin da Primeiro de Agosto ta Angola ta ci a Kotonu. Daga 2008 zuwa 2024, ko sau ɗaya bai tsallako hamada ba.

In aka kawo wannan magana a fada, amsar da ake bayarwa ba ta wuce biyu. Wani ya ce Larabawa dogaye ne, ƙarfafa, sun ci sun ƙoshi tun suna yara. Wani ya ce alƙalan wasa nasu ne, tunda ma shugaban hukumar ƙwallon hannu ta duniya, Hassan Moustafa, Bamisire ne da ya hau kujera tun 2000. Mu dai ba mu yarda da ko ɗaya ba. Wanda ya taɓa zuwa filin kokowa ya ga ƙartin Dosso da na Tawa da na Maraɗi ba zai ce ƙasar nan ta rasa masu ƙirji da tsawo ba. Ku dubi tawagar Faransa da ta ci zinare a wasannin Olimfik na 2008 da 2012 da na Tokiyo, ku ƙirga baƙar fata nawa ne a ciki. Sannan ga hujjar da ta fi kowace kusa: a gari guda, a mako guda ake buga ta maza da ta mata, alƙalai ɗaya, hukuma ɗaya, amma kofin mata daga 1997 zuwa 2024 bai bar birnin Luwanda ba, in ba Petro Atlético ba to Primeiro de Agosto. In da alƙali ke raba kofi, da matan Angola ba su yi wannan sarauta ba.

Abin da muka gani shi ne kowane kulob da ya ɗauki kofin nan yana da uwar kuɗi a bayansa, wadda ba ta yankewa. Sai dai uwar kuɗin kashi-kashi ce, kuma nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe ido.

Akwai waɗanda ke jingine da hukuma ko kamfanin gwamnati. Primeiro de Agosto ta sojojin Angola ce. Petro Atlético ta kamfanin man fetur Sonangol ce. FAP ta Yawunde, wadda ba ta cika rasa zuwa gasar ba, ta soja da ƴan sanda ce. Flowers ɗin ma da muke yabo, cikakken sunanta Flowers CNSS, wato asusun tallafin ma'aikata na Benin ne ke riƙe da ita. Mu ma a nan gida mun san wannan tsari a ƙwallon ƙafa: AS FAN, AS Douanes, AS Police, Nigelec, Sonidep. Yana da amfani, ba ma musu. Yaro ya samu albashi, wani lokaci har da aikin yi bayan ya daina wasa. Amma ku dubi abin da ya faru da Mouloudia. Kamfanin man fetur na Aljeriya, Sonatrach, shi ya riƙe ta a shekarun da take kwasar kofi. A 2008 kamfanin ya raba gari da uwar ƙungiya, ya tafi da sassan wasannin da ba ƙwallon ƙafa ba, ya raɗa musu sabon suna. A 2020 aka sake haɗewa, tsohon suna ya dawo. Ƴan wasa da magoya baya sai dai su ji a radiyo cewa sunansu ya canza. Wannan kamar mai zaman kanti ne da kayan wani: ranar da mai kaya ya ce a rufe, ko ciniki na tsakiyar tafiya sai a rufe. Darakta ya sauka, sabo ya zo ba ya son wasanni, shi ke nan an bar yara da mayo a hannu.

Akwai kuma irin na Alƙahira da Tunis, kuma su ne suka fi daɗewa a kan gaba. Al Ahly an kafa ta a 1907, Zamalek a 1911, Espérance a 1919, Club Africain a 1920. Duk sun haura shekara ɗari, sun ga sarakuna da shugabanni sun zo sun wuce. Al Ahly da Zamalek ƙungiyoyi ne na mambobi: mutum ya biya kuɗin shiga, ya riƙa biyan na shekara, ya kawo iyalinsa su yi iyo su yi wasa, kuma in lokacin zaɓe ya yi ya jefa ƙuri'a a zaɓi shugabanni. Mahmoud El Khatib, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa da ya zama shugaban Al Ahly a 2017, da ƙuri'ar mambobi ya hau. Ƙwallon ƙafa na jawo talla da kuɗin talabijin, kuɗin mambobi na shigowa ba fashi, daga nan ake yanka wa ƙwallon hannu da kwando da na raga rabonsu. Yaro ya shiga yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya bi aji-aji har ya kai babbar tawaga, duk a gida ɗaya, hannun masu horo da ake biyansu wata-wata. Kafin ya tsaya gaban yaronmu a wasan Afirka ya yi shekara goma sha yana buga gasa ta gaske kowane mako. Ba mu ce ba su da matsala ba, Zamalek kanta ta sha fama da bashi har ya zama abin magana a jaridu. Amma bashi bai kashe ta ba, saboda masu ita suna da yawa, in wannan ya gaji wancan na nan.

Kuma jari na haihuwa, wannan ba sai mun gaya muku ba. Yahia Omar ya tashi a Zamalek, ya tafi Veszprém ta Hangari, daga can ya koma Paris Saint-Germain a 2024. Ali Zein ya buga wa Barcelona har ya ci kofin zakarun Turai da ita a 2022. Matasan Masar ƴan ƙasa da shekara 19 sun ci kofin duniya a 2019, manyan suka zo na huɗu a Olimfik na Tokiyo. A gasar kulob-kulob ta duniya ta 2024, wadda aka yi a Masar, Al Ahly ta doke Barcelona ta zo ta uku. Duk yaron Alƙahira da ya ga haka ya san cewa ƙwallon hannu sana'a ce da ake ci da ita, uban yaron ma ya sani, don haka ba ya hana shi zuwa fili.

Na uku shi ne irin namu, wanda kowa ya sani a unguwarsa ko da ba mu kama suna ba. Wani bawan Allah mai son wasa, ko mushen wasanni na wata makaranta, ya tara yara. Ya bi alhazai kanti-kanti da takarda a hannu. Wannan ya ba da jikka biyar, wancan ya ce a dawo bayan sallah, wani mai kirki ya ɗinka mayo aka rubuta sunan kantinsa a baya. A buga gasa ɗaya, a ɗauki hoto. Baɗi alhajin ya yi asara a albasa, ko ya shiga siyasa, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa, kulob ya bi shi. Yaran da suka iya wasa, da sun gama lise ko sun faɗi jarrabawa, sai kabu-kabu, sai Libiya, sai Jado wajen zinariya. Shekara biyar ta horo ta zube a ƙasa, wani mushen ya sake farawa daga farko da wasu ƙanana.

Za a ce mana, kuma da gaskiya, ina Nijar ina Masar? Mutanensu sun haura miliyan ɗari. Don gasar duniya ta 2021 kaɗai gwamnatinsu ta tanadi manyan zauruka huɗu, uku daga ciki sababbi fil. Tunisiya ta karɓi gasar duniya a 2005 har ta zo ta huɗu. Mu ba ma mafarkin doke Al Ahly baɗi, wanda ya yi muku wannan alkawari ƙuri'a yake nema. Amma ina Benin ina Masar? Ina tsibiran Kap Ber, waɗanda mutanensu duka ba su fi na birnin Yamai ba, suka karɓi wannan gasa a Piraya a 2019, tawagar ƙasarsu ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2022, ta kuma je gasar duniya? Tsakanin ɗaukar kofi da rashin a san da kai akwai matakai da yawa, kuma na ƙasa-ƙasan ba su fi ƙarfinmu ba.

Abin da ke ba mu takaici shi ne ba rowa ce ta hana ba. Ƴan kasuwar ƙasar nan masu kyauta ne ga wasa, wanda ya ce ba haka ba bai taɓa zuwa kokowar takobi ba. Tun da aka fara ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ba a taɓa rasa mai ba da kyauta ba. Mai shela na faɗi da lasifika: Alhaji wane ya ba da buhun shinkafa kaza, Hajiya wance ta ba da turmin atamfa, kamfani kaza ya ba da babur. Madalla, Allah ya ƙara buɗi, kokowa gadonmu ce kuma ta cancanta. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, irin wannan kyauta ta ranar biki ce. Ana ba wanda ya riga ya yi kaye, gaban jama'a, a ji suna a radiyo. Wasan ƙungiya kuwa ba ya rayuwa da kyautar ranar biki. Abincinsa kuɗin ranar Talata ne da ba kowa a fili: ƙwallon da ta fashe, takalmin da ya yage, kuɗin motar zuwa Damagaram, ɗan abin da za a ba mai horo don kada ya bar yara ya tafi neman na cefane, maganin yaron da ya gurɗe. Ba mai shela a nan, ba mai kiɗa. Shi ya sa ba a samun mai bayarwa.

To wa ya iya tara kuɗi kaɗan-kaɗan ba fashi, ba shela, shekara da shekaru? Iyayenmu mata na kasuwa. Adashi ke nan. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli ko tumatir, wadda ba ta taɓa shiga banki ba, da zubin kullum take aurar da ɗiya, ta sayi firiji, har ta je Makka. Abin da Al Ahly ke yi da katin mamba da kwamfuta, asalinsa shi ne abin da uwar adashi ke yi da ɗan littafinta da ƙullin zane: mutane da yawa, zubi ƙarami, lokaci sananne, da amana.

Mu yi lissafi na misali, ku gyara mana in mun kauce tunda ku ne masu ƙidaya. A ce a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, an samu mutum 500 da suka yarda su riƙa zuba dala ashirin kowane mako. Dala ashirin fa, abin da bai kai kuɗin shayin safe da burodi ba. A mako jikka 50 ke nan. A shekara miliyan 2 da jikka 600. Wannan ba zai kai kowa Maroko ba, mun sani. Amma zai sayi ƙwallaye da raga, ya biya masu horo biyu ɗan alawus, ya ɗinka mayo wajen telolin kasuwar, ya kai yara wasa garuruwan jiha da mota, kuma baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka. Kulob ɗin da ya shekara biyar bai mutu ba, yana da littafin kuɗi a rubuce da mambobi 500 masu suna da rumfa, shi ne wanda kamfanin waya ko na siminti zai yarda ya sa wa talla, shi ne kuma wanda magajin gari zai ji kunyar hana wa fili. Kamfani ma ɗan kasuwa ne, ba ya zuba kuɗi a tulun da ya ga yana yoyo.

Mun san abin da ke ranku, domin mun sha jin sa daga bakin masu kiran waya a shirye-shiryen wasanni: wa zai riƙe kuɗin? An sha tara kuɗi da sunan matasa, a wayi gari ba kuɗi ba bayani, shugaba ya yi sabon babur. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ya kashe ƙungiyoyi da yawa a garuruwanmu. Shawararmu ita ce kada a ba masu wasa ajiya, kada kuma a ba ɗan siyasa. Mai horo ya yi horo. Ajiya a ba uwar adashin da kasuwa ta riga ta gwada shekara goma ba a taɓa jin kanta da kowa ba, a haɗa ta da mutum biyu daga sandikan ƴan kasuwa, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun biyu cikin uku. Ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, da Hausa, a rumfar sarkin kasuwa, a liƙa takardar a ƙofa. Wanda ya zuba yana da ƙuri'a ɗaya, ko Alhaji mai tirela goma ne ko mai tallan goro. In Alhaji na son ya ƙara da buhun kuɗi, bismilla, a gode masa a radiyo, amma kulob ba nasa ba ne.

Me ya sa ƙwallon hannu, ba wani wasa ba? Saboda arha, kuma saboda tushensa na nan. Filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki filayen handbal bakwai ko takwas. Daɓen siminti ne da raga biyu masu mita 3 a faɗi da 2 a tsayi, waɗanda maƙerin unguwa zai iya haɗawa. Ba ciyawa, ba ban-ruwa. Makarantu da yawa suna da filin, ko da ya farfashe, kuma mushen wasanni sun koyi dokokinsa. Ƴan mata ma na buga shi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ke son ɗiyarta ta motsa jiki cikin makaranta, gaban malamai, ta dawo gida kafin magariba.

Akwai abin da adashi ba zai iya ba, wannan kuma sai mu juya ga hukuma. Gasar Afirka cikin rufaffen zaure ake buga ta, a kan daɓe mai santsi na roba ko katako, da ƙwallon da ake shafa wa danƙo don ta kama hannu. Yaron da ya saba da siminti mai ƙuna da rana, wanda ya koyi kada ya faɗi don gudun saɓule gwiwa, ranar da ya fara taka irin wancan daɓe sai ya ga kamar wani wasa ne daban: su suna tashi sama su faɗa cikin da'ira da ƙirji, shi yana taka-tsantsan. A Yamai akwai zauren wasanni na 29 ga Yuli. A jihohi kuwa, kowace babbar jiha an gina mata filin kokowa, wanda ke cika kwana goma in zagayen takobi ya zo kanta. Ba mu ce a rage wa kokowa komai ba. Muna cewa ne gwamnatin da ta iya gina waɗannan za ta iya rufa wa fili ɗaya mai mita 40 kwano a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta sa fitila, yara su yi horo da dare lokacin zafi. Sannan gasar ƙasa ta zama ta watanni, ana haɗuwa a kai a kai, domin ƙungiyar da ke haɗuwa mako ɗaya a shekara ba za ta iya da wadda ke wasa kowace Juma'a ba.

Kada kuma ku ɗauka wannan gasa ta nesa ce har abada. A 2011 a Kaduna aka yi ta, nan bayan Katsina, tafiyar yini daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya, inda Zamalek ta doke Al Ahly a wasan ƙarshe. A 2016 Wagadugu ce ta karɓa, a 2018 Abijan. Garin da ya karɓa, baƙi ɗaruruwa ne ke sauka kwana goma, maza da mata, suna cin abinci, suna hawan taksi, suna neman tsaraba. Waɗanda suka yi ciniki a Yamai lokacin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na Disamban 2005 ba su manta yadda kilishi da takalman fata da azurfar Agadas suka tafi ba. Amma mai masauki da ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya a fili, shara da shimfiɗa kawai zai yi wa baƙi, a ba shi kashi gaban iyalinsa.

Don haka roƙonmu ga shugabannin sandika na kasuwanninmu, da iyayenmu masu riƙe da adashi, shi ne a taron da za ku yi nan gaba, bayan an gama maganar haraji da ta masu gadi da ta kwata, a ba wannan magana minti goma. A kira mushen wasanni na CEG mafi kusa, a tambaye shi yara nawa gare shi, ƙwallo nawa ta rage masa, nawa ne gyaran daɓen filinsa. A fara da ƴan shekara 12 zuwa 15, maza da mata, ɗiyan kasuwar kansu, waɗanda in ba haka ba suna nan suna gararamba tsakanin rumfuna daga tashin makaranta har rufe ƙofa. Layin ƴan atamfa ya fitar da ƙungiya, layin ƴan hatsi ya fitar, mahauta ma kada a bar su baya, a kara ranar Lahadi da la'asar. Kasuwar da ta fara, ta aiko wa wannan shafi da sunan kulob ɗinta da ranar wasan farko, za mu buga.

Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.